Injin Gudun Yaya Ya Koma Wurin Shanya

A falon Yayana da ke Kabuga akwai injin gudu, irin wanda bel ke tafiya a ƙarƙashin ƙafarka kai kuma kana nan inda kake. Shekara uku ke nan da sayensa. Ranar da aka kawo shi sai da aka kira samarin layi huɗu suka kama, aka kuma cire ƙyauren falo kafin ya shiga. Makon farko Yaya ya hau shi sau biyar, har hoto ya turo mana a zauren WhatsApp na gida, da tawul a wuya. Juma'ar da ta wuce na leƙa gaishe su, sai na tarar da sallaya biyu a rataye a hannun injin, ga hijaban islamiyyar yara, ga babbar rigar da mai guga ya dawo da ita. A kan bel ɗin kuwa buhun shinkafa ne ya yi zamansa.

Na ce, "Yaya, ashe dai injin nan yana aiki."

Ya ce, "Kai dai bari. Wuta ce matsalar."

Daga kicin sai muka ji muryar Hajiya: "Ko an kawo wutar ma Alhaji ba hawa yake ba."

Ban yi dariyar da ƙarfi ba, domin ni ma ina da nawa tabon. Shekarar da likita ya fara ce min jinina yana neman hawa, na je wani gidan motsa jiki na biya kuɗin wata uku a dunƙule, wai don in ɗaure kaina. Da wa'adin ya cika na ƙirga, zuwana tara. Masu wurin ba su yi min laifin komai ba, na'urorinsu lafiya lau, janareta na aiki, mai koyarwa na nan da fara'arsa. Ni ne dai ban je ba. Ni da Yaya cuta ɗaya ke damunmu, mun ɗauka idan kuɗi ya fita daga aljihu jiki zai bi shi da kansa.

Ra'ayina a wannan magana shi ne, ga mafi yawan mutanen Kano, motsa jiki a gida ya fi biyan kuɗin wata a jim, wato gidan motsa jiki, dacewa da yadda rayuwarmu take. Amma da sharaɗi: kada mutum ya ce zai kwaso jim ɗin ya kawo falonsa. Kayan da suka dace da gidan Bakano su ne waɗanda ba ruwansu da wuta, ƙura ba ta kashe su, yaro ba zai cusa hannu ya ji ciwo ba, kuma idan an gama ana iya tura su ƙarƙashin gado.

Iyayenmu ba su taɓa wannan muhawara ba, don ba su buƙace ta ba. Mahaifina da ƙafa yake tafiya daga Gwale zuwa Kasuwar Kurmi ya dawo, daga baya ya samu keke. Mahaifiyata kafin hantsi ta ja ruwa a rijiya, ta yi surfe, ta yi daka, ta share tsakar gida a sunkuye. Duk wanda ya taɓa riƙe taɓarya na minti goma ya san babu ƙarfen da ya fi ta gasa kafaɗa. Yanzu injin markaɗe ya karɓi aikin turmi, mai ga-ruwa ya karɓi na guga, adaidaita sahu kuma har ƙofar gida take ɗaukarka. Ɗan kasuwar Kwari yana buɗe shago da hantsi, ya zauna a kan bandir ɗin yadi har Magariba, abinci a kawo masa, lemon kwalba a kawo masa, ko canji yaro ne ke zuwa nema. Ma'aikacin ofis haka. Cimar kuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙarin mai da sukari da dunƙulen miya. Idan kana son ganin inda lissafin yake ƙarewa, ka leƙa layin masu hawan jini da ciwon suga a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka duba shekarun waɗanda ke zaune. Ba duka ne tsofaffi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, wato kusan mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ya kamata. Gwargwadon da take nufi ba wani dutse ba ne: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, sai aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne a kwana biyar. Motsi matsakaici kuma shi ne wanda kana yinsa za ka iya magana, amma ba za ka iya rera ƙasida ba. Babu inda aka ce sai da na'ura.

Gidajen motsa jiki masu kayan kirki sun fi yawa a sababbin unguwanni da manyan otal-otal, wajen Nassarawa da Bompai da titin gidan Zu da makamantansu. Mutumin Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi sai ya ratsa rabin gari kafin ya isa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zuwa da dawowa ya zama wani kuɗin rajistar na biyu da ba a rubuta shi a rasit. Wanda ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba ma da shi ake wannan zancen ba. Sai kuma lokaci, wanda a ganina ya fi kuɗin tsada. Bayan Asuba akwai kai yara makaranta. Yammacinmu kuwa salloli uku ne suka yanka shi, La'asar, Magariba, Isha, tsakaninsu ga ta'aziyya, ga ɗaurin aure, ga dubiya, ga majalisa. Motsa jikin minti arba'in da sai an haɗa masa tafiyar awa ɗaya da rabi a cunkoso, shi ne abu na farko da ake yankewa ranar da uzuri ya taso. A Kano kuma wace rana ce uzuri ba ya tasowa?

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun wallafa bincike a 2006 bayan sun bi bayanan mambobin wasu gidajen motsa jiki. Suka gano masu biyan sama da dala 70 a wata ba sa wuce zuwa huɗu da ɗoriya a watan, wato kowane zuwa yana kama musu fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga suka riƙa saya da dala 10 za su biya. Mutum yana biya ne da niyyar wanda yake fatan zama, amma wanda zai tashi ya tafi ɗin shi ne dai na jiya. Da na karanta wannan na ɗan ji sanyi, ashe zuwana tara ma ba na baya ba ne a duniya.

Kada a ce na yi wa jim rashin adalci. Yana da abu biyu da ba a sayarwa a kasuwa. Na farko mai koyarwa, wanda zai ga ka gantsare baya wajen ɗaga ƙarfe ya gyara maka tun kafin ka nemi hanyar Asibitin Ƙashi na Dala. Na biyu jama'a. Mu mutanen majalisa ne, ko shayi ba ma jin daɗin sha mu kaɗai. Wanda ya san abokansa uku na jiransa zai tashi ko jikinsa ba ya so, don kunyar a ce ya gaza. Saurayin da ke kwana a shago ko ɗakin soro su uku, ba shi da inda zai miƙe ƙafa, shi jim ya fi masa. Haka wanda ya ɗauki ɗaga ƙarfe da gaske, ko ɗan wasan da ke neman nauyin da ba a ajiyewa a gida. Su waɗannan ba ni da ja. Maganata da magidanci ce ɗan shekara arba'in da wani abu, da uwargida, da dattijon da aka ce ya rage tumbi.

To shi wannan magidanci idan ya yanke shawarar yi a gida, abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne injin gudu, saboda shi yake gani a talabijin, kuma shi ne ke nuna an kashe kuɗi. A nan ake yin asarar.

Motar lantarkin da ke juya bel ɗin injin gudu na gida takan kai ƙarfin doki biyu, doki ɗaya kuwa wat 746 ne. Ƙaramin jen ɗin nan da ke kunna mana fanka da talabijin bai kai wat 1,000 ba, don haka ba abokin tafiyarsa ba ne. Mai sola ma sai ya duba ƙarfin inbatarsa tukuna. Kuɗin wutar kansa ba shi ne abin tsoro ba, domin rabin awa a kai ba ta cin yunit guda, ko da kana layin da aka mayar da yunit ɗinsa naira 225 a watan Afrilun 2024. Damuwar ita ce samuwar wutar a daidai lokacin da kake da sarari. Ka tashi da niyya bayan Asuba babu wuta, a kawo ta ƙarfe biyun dare kana barci. Idan ta zo ma wani lokaci da rauni take zuwa, wani lokaci da hauka, kuma allon lantarkin da ke cikin injin ba ya jure wannan wasan sai da sitabilaiza. Ya ƙone, ka shiga neman mai gyara, shi kuma ya shiga neman kayan gyara daga Legas. Sannan a ɗauke wuta kana tsakiyar gudu, bel ya tsaya kai ba ka tsaya ba. Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya barin komai, tana shiga ƙarƙashin bel da cikin mota, ga bel ɗin yana son a riƙa sa masa mansa na musamman. Wanda ya sayi na gwanjo kuwa, wanda wani ya gama tsufar da shi a Turai, ya sayi wahalar da ba a gaya masa ba.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan tayar min da hankali, wato yara. Gidan Bahaushe ba ya rabo da yara, naka da na maƙwabta da na baƙi. A watan Mayun 2021 kamfanin Peloton na Amurka ya janye wani samfurin injin gudunsa daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro da raunata wasu da dama, waɗanda bel ya ja su ƙarƙashin injin. Can ke nan, inda ake ware wa na'ura ɗakinta a kulle. Mu da za mu ajiye ta a falon da ake rarrafe fa?

Wani abin dariya, asalin wannan na'ura ta hukunci ce. A 1818 wani injiniya a Ingila mai suna William Cubitt ya ƙera wata babbar na'ura mai juyawa, mai matakala da fursunoni ke takawa awa da awanni, suna hawa ba sa isa ko'ina. Abin da aka ƙirƙira don hukunta masu laifi shi muke cire ƙyaure mu shigar falo. Ba mamaki Yaya ya yi wa kansa afuwa.

Da za a tambaye ni me za a fara saya, sai in ce na'urar awon jini, ƴar ƙaramar nan ta ɗaurawa a damtse. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da 160 bisa 100 yana jin kansa garau. Wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 ko sama, ko mai ciwon suga, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa idan ya hau bene, ya ga likita kafin ya taɓa ƙarfe. Ɗaga nauyi tare da riƙe numfashi yana harba jini sama nan take, shi ya sa ake fitar da numfashi a lokacin yunƙuri. Bayan wannan sai takalmi mai taushin ƙasa, saboda daɓen siminti ba ya tausayin gwiwa, da tabarma ko shimfiɗar roba. Iyakar sayayyar farko ke nan.

Sauran kayan suna gidanka tuntuni. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kuwa kilo 25 ke nan, kuma tana da abin da ƙarfen kanti ba shi da shi: kana iya rage ta ko ƙara ta da moɗa. Zuba lita biyar a galan biyu, riƙe ɗaya a kowane hannu, ka kai ka kawo a tsakar gida. Ka dubi ƴan ga-ruwa da ke tura kura cike da jarkoki daga wannan layi zuwa wancan, ka nuna min mai tumbi a cikinsu. Kujera ta isa tashi-zauna, abin nan da malaman firamare suka riƙa sa mu muna kama kunne, ashe gata suke mana ba mu sani ba. Bango ya isa wanda bai iya firesof a ƙasa ba ya fara da shi. Mai bene yana da matakala. Dakalin ƙofar ɗaki ma, hawa da sauka na minti goma zai sa ka san kana da zuciya.

Ni dokar da na sa wa kaina bayan asarar wata ukun nan ita ce ba zan sayi komai ba sai na yi kwana arba'in ina yi da abin da ke gida. Na rataye kalanda a bayan ƙofa ina sa alama. Sau biyu ina karyawa ina komawa farko. Da na cika a karo na uku, na riga na san abin da nake buƙata, kuma bai kai rabin abin da na yi niyyar saya da farko ba. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne, a kan ibada ya zo, amma jiki ma da wannan ƙa'idar yake aiki.

Abin da na saya shi ne ƙarfen hannu guda biyu masu faifai, waɗanda ake ƙara wa nauyi a rage. Sun fi masu nauyi ɗaya tak, domin abin da ya yi maka nauyi yau bayan wata biyu wasa ne, kuma ni da mai ɗakina da babban ɗanmu duk muna amfani da su. Sai robar ja, wadda ba ta cika aljihu ba amma tana aikin kafaɗa da baya, illarta kawai zafin Kano yana busar da ita, idan ta fara tsagewa a jefar kafin ta tsinke a fuska. Igiyar tsalle ma na saya, ita ce mafi arha kuma mafi saurin fitar da gumi, sai dai ban ba mai nauyin jiki ko mai ciwon gwiwa shawarar farawa da ita ba. Ni kaina mako biyu na yi na bar wa yara.

Samarin unguwa sun daɗe da gano hanyarsu. Gwangwanin fenti biyu, siminti, guntun bututu, an gama. Wasu su je Ƙofar Ruwa su tsinto tsofaffin ƙarafan mota mai walda ya haɗa musu. Ina jinjina musu, da gyara biyu. A kai wa mai sikeli ya auna kowane ɓangare, don idan dama ta fi hagu da kilo biyu baya ne zai biya. Sannan kada wanda ya kwanta a benci ya ɗaga ƙarfe mai nauyi sama da ƙirjinsa shi kaɗai a ɗaki. Idan hannu ya gaza, a wuya yake sauka, kuma babu bakin kiran taimako. Mai son sandar lilo ta jan jiki sama, mai walda zai yi masa da arha, amma a kafa ta a ginin bulo mai ƙwari. Katangar ƙasa irin ta cikin gari ba ta riƙe ƙato.

Idan lallai sai na'ura, keken tsaye ya fi injin gudu hankali a garin nan. Mafi yawansu ba sa neman wuta, ba sa cin wuri, ba sa dukan gwiwa, dattijo na iya hawa yana sauraron rediyo. A gwada shi a shago kafin a biya, a duba nauyin da aka rubuta yana ɗauka, a tabbatar sirdinsa na hawa da sauka. A kuma sa masa ido, domin kafar feda da sarƙa su ma suna son yatsun yara.

Abin da ba zan yafe ba shi ne kayan yaudara da suka cika Facebook da TikTok: bel mai girgiza tumbi, ɗamarar da ke sa gumi, shayin da wai ke narkar da teɓa a kwana bakwai. Gumi ruwa ne, kana shan kofi biyu ya dawo. Kitse kuma ba ya narkewa daga wurin da aka matsa, jiki ne ke zaɓar inda zai ɗiba idan abin da ake ƙonawa ya fi abin da ake ci. Mai ɗaura leda a ciki ya fita gudu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ƙodarsa yake wa barazana. Haka samarin da ke haɗiyar ƙwayoyi da allurai don ƙirji ya buɗe kafin Sallah.

Inda hujjar gida ta fi ƙarfi shi ne wajen mata. Akwai gidajen motsa jikin da suka ware musu ɓangare ko lokaci, amma mace nawa ce a Fagge ko Yakasai za ta samu izini da kuɗin mota da mai riƙe mata yara sau uku a mako? Ita ce kuma ta fi zama wuri ɗaya, ita ce haihuwa ke bar wa nauyi da ciwon baya. Tsakar gida filinta ne, babu idon kowa, babu batun sutura. Maƙwabta uku su haɗu a gidan ɗaya bayan yara sun tafi makaranta, sun samu jama'ar da na ce ita ce ribar jim, ba tare da sun biya sisi ba. Mai ɗakina da ƙawayenta biyu haka suke yi, kuma sun fi ni riƙe lokaci, ko da yake ina zargin rabin zaman hira ce. Magidancin da ke ganin wannan rashin kamun kai ne, ya tuna Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake ya wuce ta.

Mu maza kuma abin da ke hana mu a gida girma ne. Maigida da ake gaisarwa a durƙushe, yaya za a gan shi yana tsalle da gajeren wando? Ranar da na fara, ƙaramar ƴata ta ruga ta gaya wa uwarta wai Baba ya faɗi yana ta ƙoƙarin tashi ya kasa. Har yanzu a wurinmu tumbi alamar hutu ce, wanda ya rame kuma sai an tambaye shi ko lafiya. Kawuna da ya biya kuɗin Hajji na ce masa ya fara tattaki tun yanzu, don Safa da Marwa kaɗai sun haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce, "Ɗan nan, so kake a ce na zautu?" Daga ƙarshe dabarar da ta yi aiki ita ce ya koma sallar Asuba a wani masallaci mai nisa da gida. Babu mai tambayar dattijon da ya nufi masallaci ina za shi.

Duk da haka ba na so a ɗauka komawarmu tsakar gida zaɓi ne zalla. Wani ɓangarensa kora ce. Tafiyar ƙafa ita ce motsa jikin da ya fi kowanne sauƙi, amma a ina za a yi ta? Gefen titi masu tebur da masu faci da ababen hawa sun cinye, inda ya rage kwata ce a buɗe. Filayen makarantun da muka buga ƙwallo muka yi langa, da yawa an zagaye su da shaguna. An yi gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da Sabon Gari da Dangi da Hotoro, duk don mota, mai ƙafa kuwa sai dai ya yi ta kansa. Lokacin rusau na watan Yunin 2023, da aka taɓa gine-ginen Filin Idi da na Filin Sukuwa, gari ya rabu biyu ana ta musu a kan shaguna da diyya da siyasa. Ban shiga wannan ba. Abin da na lura shi ne da wuya ka ji wanda ya tambayi inda talaka zai taka ƙafarsa da safe. Masu zuwa wajen filin wasa na Sani Abacha da masu hawa Dala da Goron Dutse da sassafe suna nuna cewa sha'awar tana nan. Gari mai miliyoyin mutane ya cancanci a ce kowace mazaɓa tana da fili guda da aka killace, da bishiyoyin darbejiya, da ƴan sandunan ƙarfe da mai waldan unguwa zai iya haɗawa, da sa'o'in da aka ware wa mata. Kuɗinsa bai kai na ƙafa ɗaya ta gadar sama ba, kuma duk wanda ya rage a layin masu shanyewar ɓarin jiki sauƙi ne ga asibitin gwamnati. Ƴan majalisarmu da ke rabon kekunan ɗinki da babura suna iya gwada wannan ko sau ɗaya.

Kafin in baro Kabuga na ce wa Yaya ya sayar da injin tun yana da sauran daraja, ya sayi keken tsaye, canjin ya ƙara a cefane. Ya yi shiru yana kallonsa, sannan ya ce a bari tukuna, yana shirin ƙara batiran sola, da zarar an haɗa zai koma hawa kullum.

Hajiya ta fito da faranti a hannu ta ce, "To Alhaji, a dai yi a haɗa kafin azumi. In ba haka ba buhun gero ma a nan zan ajiye."